Na ji sauƙi na daina zuwa asibiti, yanzu kunyar komawa nake ji

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 26, kuma tun ina 'yar shekara 11 nake allurar insulin. Ba zan ɓoye miki ba, daga ƙarshen sakandare har na gama jami'a na yi wasa da ciwon nan. Allura sai na ga dama, gwaji kuwa sai in yi wata guda ban huda yatsa ba. A farkon shekarar nan na tashi da safe na ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo yana yawo a idona na dama. Likitan ido ya ce jini ne ya zuba a ciki, wai sababbin jijiyoyi sun tsiro, sai an yi mini leza, wato ƙuna da haske. Na hagun kuma ya ce tsakiyarsa ta kumbura, sai an riƙa yi mini allura a cikin ido duk wata. An yi mini biyu, na hagun ya washe, na daman ma jinin ya kwanta, sai na daina zuwa. Wata huɗu ke nan. Lezar ma ban yarda an yi ba, don wata ƙawata ta ce bayan an yi wa kawunta ne ya makance. Yanzu na dage da sauke sukari, na ƙara wa kaina insulin, har sau biyu ina yanke jiki a makon jiya. Duk da haka rubutu ya fara dusashewa a kwamfuta, aikina kuma na lissafi ne. Kunyar komawa nake ji, don ranar farko likitan ya yi mini faɗa a gaban ɗalibai. Akwai wanda muke maganar aure da shi, ya san da sukarin, bai san da idon ba. Anti, makancewa zan yi? In gaya masa? Zan ma iya haihuwa?

Daga wata ƙanwarki

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, Allah ya yaye miki.

Tambaya uku kika yi mini, amma abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki ba ya cikinsu. Wata huɗun nan ne. Ki koma asibitin ido a cikin makon nan. Kada ki jira sukarin ya sauka don ki samu abin nuna wa likita, kada kuma ki jira kunyar ta tafi, don ba inda za ta sai kin zauna a kujerar nan an leƙa idon. In aka ce layi ya cika sai wata mai zuwa, ki gaya wa mai ba da kati cewa jini ya taɓa zuba a idonki, an rubuta miki leza ba a yi ba, ga gani ya fara raguwa. Duk ma'aikacin ido da ya ji wannan ya san ba mai jira ba ce ke.

Sauƙin da kika ji ne ya yaudare ki, kuma haka yake yaudarar mutane da yawa. A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn tantani da haske ke sauka a kansa, likitoci na ce masa retina. Shi ke karɓar hoton abin da kike kallo ya miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙananan jijiyoyin jini ne ke ciyar da shi, sukarin da ya daɗe yana sama kuma yana cin bangonsu a hankali, wasu su fara yoyo, wasu su toshe ɗungurungum. Inda suka yi yoyo ruwa yana taruwa. In ya taru a tsakiyar tantanin, daidai wurin da kike karatu da gane fuskar mutum da shi, sai rubutu ya dusashe, layin da yake miƙe ya karkace. Abin da ya samu na hagu ke nan. Inda suka toshe kuwa, wurin yana shiga yunwar jini, sai ya fara fitar da wani sinadari mai suna VEGF, wanda aikinsa kiran sababbin jijiyoyi su tsiro. Suna tsirowa kuwa, amma ba su da ƙwari ko na anini, kuma ba ta inda ya kamata suke bi ba. Su ne suka fashe a cikin ruwa mai kaurin da ya cika idonki na dama, kika wayi gari da saƙar gizo-gizo.

Jinin ya kwanta, jiki ya tsotse shi, haske ya dawo. Jijiyoyin da suka zubar da shi suna nan daram. Tare da su kuma wani nama irin na tabo yake tsirowa, wanda in ya daɗe yana tsukewa ya janyo tantanin, ya ɗaga shi daga mazauninsa. In aka kai nan, magana ta tashi daga leza ta koma tiyata babba, kuma ba kowane gani ne tiyatar ke dawowa da shi ba. Wani lokaci jijiyoyin kan tsiro a gaban idon su toshe magudanar ruwansa, hawan jinin ido mai azaba ya biyo baya. Amma kafin a kai can, komai shiru yake tafiya, don tantanin ba shi da jijiyar jin zafi. Ido bai yi ja ba, ba ya ƙaiƙayi, ba ya hawaye. Kowa ya dube ki sai ya ce garau kike.

Allurar da aka yi miki tana ɗaure sinadarin nan ne na 'yan makonni, daga nan ta bar idon. Kamar kwashe ruwa ne daga ɗakin da rufinsa ke yoyo: ƙasa ta bushe yau, amma rufin bai ma san an yi ba. Dusashewar da kika fara gani a kwamfuta, mai yiwuwa kumburin ne ya dawo bayan ƙarfin allura ta biyu ya ƙare. Abin da zai tabbatar shi ne hoton tantanin da ake ɗauka da na'urar OCT, minti kaɗan ne, ko taɓa idon ba a yi.

To, makancewa za ki yi? In kika koma kika tsaya a kan magani, mafi rinjaye a'a. In kika ci gaba da zama a gida, haɗarin gaske ne, ba zan shafa miki zuma a baki ba. Wannan ba hasashe ba ne. A shekarun 1970 an yi wani babban bincike a Amurka a kan mutum sama da 1,700, ana yi wa ido ɗaya leza a bar ɗayan. Zuwa 1976 bambancin ya fito fili har aka sauya tsarin binciken don a yi wa idanun da aka bari, saboda lezar ta rage mummunar asarar gani da fiye da rabi. Binciken da suka biyo baya sun nuna cewa in an gano da wuri, an yi magani a kan lokaci, an kuma ci gaba da bibiya, ana kauce wa fiye da kashi 90 cikin 100 na irin wannan asara. A Ingila an fara ɗaukar hoton idon masu ciwon sukari duk shekara daga 2003, zuwa alƙaluman 2009 da 2010 kuma, karon farko cikin shekara hamsin, ciwon sukari ya sauka daga kan gaba a cikin abubuwan da ke makantar da masu shekarun aiki. Ba sabon magani ne ya kawo wannan ba kaɗai. Mutane ne aka riƙa kira, suna kuma zuwa.

Mu zo kan kawun ƙawarki. Labarin nan yana da farin jini, kusan duk inda ake maganar leza sai an samu mai irinsa. Yawanci abin da ke faruwa shi ne mutum ya zauna har cutar ta ci ƙarfinsa, ya zo a makare, a yi masa leza don a ceci abin da ya rage, cutar ta ƙarasa aikin da ta riga ta yi nisa a ciki, sai a ɗora wa leza laifi tunda ita ce ta ƙarshen taɓa idon. Wanda aka yi wa a kan lokaci yake ci gaba da harkarsa, ba wanda ke ba da labarinsa.

Ban ce lezar ba ta da nata farashin ba. Ana ɗiga miki maganin kashe zafi, a ɗora wani ɗan gilashi a kan idon, ki jingina haɓa da goshi a jikin na'ura, sai ki riƙa ganin walƙiyar haske ɗaya bayan ɗaya. Ɗigo sama da dubu ake ƙonawa a gefe-gefen tantanin, sau da yawa a zama biyu ko uku, ana barin tsakiya ba a taɓa ba. Wasu wuraren za ki ji tsukar zafi har cikin kai, ki koma gida da ciwon kai da dishi-dishi na kwana ɗaya ko biyu. Dabarar ita ce a sadaukar da gefen da ke cikin yunwa don ya daina fitar da sinadarin, jijiyoyin banzan nan su bushe. Saboda haka ganin gefe yana iya raguwa, ganin dare ma haka, wasu har tuƙin dare ya gagare su. Asara ce, kuma kina da haƙƙin jin zafinta. Amma ki auna ta da abin da ake saya da ita, wato tsakiyar ganin da kike cin abinci da shi.

Za ki iya jin cewa yanzu allura kaɗai ma tana maganin sababbin jijiyoyin. Gaskiya ne, wani bincike da aka fitar a 2015 ya nuna ba ta gaza leza ba a cikin shekara biyu, ga wanda bai fasa zuwa ba. Sai dai wani da aka buga a 2019 ya bi mutanen da suka ɓace daga asibiti fiye da wata shida, ya tarar waɗanda allura kaɗai aka yi musu sun dawo da gani mafi muni, kuma tantanin ya fi ɗagawa a cikinsu, a kan waɗanda aka yi wa leza. Aikin leza yana zama ko da mutum ya ɓace, na allura yana tafiya da shi. Ke kuma kin riga kin nuna wa kanki cewa za ki iya ɓacewa. Ba gori nake miki ba. Rayuwa ma kan ɓatar da mutum, canjin aiki, tafiya, rashin kuɗi, haihuwa. Hukunci na wanda ya leƙa cikin idonki ne, amma in ya sake cewa leza, ni dai na ce ki yarda.

Ba ki ambaci kuɗi ba, amma da wuya a ce ba ya cikin abin da ya tsayar da ke, don allurar nan duk wata ba ƙaramin nauyi ba ce. In haka ne, ki faɗa wa likita ƙarara. Magungunan ba ɗaya ba ne: akwai Avastin, akwai Lucentis, akwai Eylea, daga 2022 kuma aka ƙara Vabysmo. Avastin ya fi sauran araha nesa ba kusa ba. A wani binciken da aka fitar a 2015 an gwada ukun farko a kan mutum 660 masu irin kumburinki, aka ga in ganin bai lalace sosai ba sakamakonsu kusan ɗaya ne, in kuma ya yi ƙasa sosai Eylea ya ɗan fi a shekarar farko. Maganin da za ki iya jure saye wata bayan wata ya fi mai tsadar da za a yi miki sau biyu ki gudu. Kuma ba haka za a dawwama ba. Shekarar farko ce mai nauyi, mutane da yawa kan sha allura takwas zuwa goma, daga nan tazarar tana buɗewa, wasu a shekara ta uku ko ta huɗu ɗaya ko biyu ce, wasu ma babu.

Yanzu maganar da zan ɗaure miki fuska a kai. Ki daina ƙara wa kanki insulin. Yanke jiki sau biyu a mako guda ba ƙoƙari ba ne, wasa da rai ne. Sukarin da ya faɗi ƙasa warwas yana iya kashe mutum a dare ɗaya, alhali sukarin da ya hau, shekaru yake ɗauka kafin ya yi wa ido ɓarna. Ki nemi likitan da ke duba miki sukari, ki gaya masa adadin da kika ƙara da lokutan da kika faɗi, ku sake tsarin tare. Kafin nan, duk sanda na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko ƙasa da 3.9 in da ɗaya ma'aunin na'urarki take aiki, ko kika ji gumi da rawar jiki da jiri, ki sha abu mai zaƙi nan take, ki sake gwadawa bayan minti 15. Wani a gidanku ya san abin da zai yi in ya tarar da ke a sume.

Niyyarki mai kyau ce, hanyar ce ba daidai ba. Sauke sukari yana ceton ido, wannan babu tantama. Binciken da aka yi a Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993 a kan mutum 1,441 masu irin ciwonki ya nuna kula da sukari sosai ta rage haɗarin kamuwa da cutar ido da kashi 76 cikin 100, ga waɗanda suka riga suka kamu kuma ta rage ci gabanta da kashi 54. Amma wannan binciken dai ya gano wani abin mamaki: a shekarar farko, idon wasu daga cikin waɗanda aka sauke wa sukari da sauri ya ɗan ƙara lalacewa kafin ya daidaita, musamman waɗanda sukarinsu ya daɗe yana sama sosai kuma cutar ta riga ta yi nisa. Kin ga siffarki ke nan. Kada ki fahimci cewa gara a bar sukari a sama, sam, ribar sauke shi ta ninka wannan haɗarin. Abin nufi shi ne ba a sauke shi da gudu alhali ba wanda ke duban idon. Likitocinki biyu su san da juna, na ido ya san ana gyara sukari, na sukari ya san halin da ido ke ciki. Sannu ba ta hana zuwa. Ma'aunin da za ki riƙa bi shi ne gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku. Ga mafi yawan manya ana son ya kusanci 7, amma in naki 11 ne yau, 9 bayan 'yan watanni nasara ce.

Hawa da saukar nan da sukarinki ke yi ma kaɗai yana iya dusashe gani, don yana sauya ruwan da ke cikin madubin ido. Saboda haka kada ki kashe kuɗi a sabon tabarau yanzu, ki bari sukarin ya zauna wuri ɗaya na 'yan makonni. Ranar da kika je kuma, a gwada hawan jini, don shi ma yana ƙara wa jijiyoyin nan yoyo, a kuma duba fitsari da jini saboda ƙoda. Irin waɗannan ƙananan jijiyoyin ne ke aiki a can, abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. In kina shan taba ko shisha, wannan ne lokacin rabuwa.

Faɗan da likitan ya yi miki a gaban ɗalibai bai kyauta ba. Wasu ma'aikatan lafiya sun ɗauka tsawa ce ke sa mara lafiya ya kiyaye, ga shi kuwa tsawar ta sa kin yi wata huɗu a gida. Amma ki duba wanda ke biyan kuɗin fushin nan. Shi ya ga mutum ɗari bayanki, wataƙila ko fuskarki ba zai tuna ba. Idonki ne ke biya. In akwai wani likitan retina da za ki iya samu a cikin kwanakin nan, ki canza, ba laifi ba ne. In babu, ki koma wurinsa da wani babba naki, ki riga shi magana: "Likita, na san na yi jinkiri. Tsoro ne ya hana ni. Na dawo, me za mu yi yanzu?" Da wuya mutum ya samu bakin faɗa bayan wannan. Kina kuma da damar cewa ba kya son ɗalibai a ɗakin. Ki rubuta tambayoyinki a takarda tun daga gida, don a gaban likita kai kan ɗauke: wane mataki kowane ido yake, me za a fara yi, yaushe zan dawo, wa zan nema in wani abu ya faru da dare.

Ina jin kuma ba faɗan likitan ne ya fi yi miki ciwo ba, wanda kike yi wa kanki ne. Ba zan ce miki shekarun nan ba su yi ɓarna ba, sun yi, ke ma kin sani. Amma ki tuna wacece ta yi wasan. Yarinya ce da aka ɗora wa aikin da wata gaɓa ta jiki ke yi dare da rana ba hutu, aka ce ta yi shi da hannu, da allura da lissafi, a shekarun da ba abin da mutum ke so kamar ya zama daidai da sa'o'insa. Balaga kanta tana sa jiki ya ƙi jin insulin. A Amurka, inda ake da na'urori iri-iri, alƙaluman 2016 zuwa 2018 na wata babbar rajistar masu wannan ciwo sun nuna matsakaicin HbA1c na 'yan shekara 15 zuwa 18 ya kai 9.3, mafi muni a duk rukunin shekaru. Tsawon zama da ciwon ma yana da nasa kason, don wani tsohon bincike a jihar Wiskonsin ya tarar kusan duk wanda ya shekara 20 da ciwon sukari nau'i na ɗaya, wato irin naki, yana da wata alama a idonsa. Da-na-sani ƙeya ce. Abin da nake tsoro shi ne ta zame miki hujjar hukunta kanki, yau da ƙin zuwa asibiti, gobe da insulin fiye da kima. In kin ga barci ya ƙaurace miki, abinci ba ya shiga, kuka ba dalili, ko kina jin rayuwar ma ta ishe ki, wannan ma ciwo ne mai magani, kuma masu ciwon sukari sun fi sauran mutane kamuwa da shi kusan ninki biyu. Ki faɗa wa likita kamar yadda za ki faɗi na ido.

Shi kuma mutumin naki, ki gaya masa. Ba ma abin da zai ɓoyu ba ne. Ga zuwa asibiti duk wata, ga jan tabon da allura kan bari a farin ido na 'yan kwanaki, ga ranakun da za ki dawo ba kya iya karanta saƙon waya. In ya ji daga baya, ba ciwon ne zai fi ɓata masa rai ba, ɓoyewar ce. Shawarata ki fara ganin likita tukuna, don ki je masa da bayani maimakon tsoro tsagwaronsa, amma kada hakan ya wuce mako ɗaya ko biyu. Ba sai kin yi doguwar shimfiɗa ba, ba kuma roƙon gafara za ki yi ba. "Ciwon sukarin da ka sani ya taɓa mini ido. Ana yi mini magani, zai ɗauki lokaci, akwai ranakun da zan buƙaci mai raka ni. Ina so ka zo ka ji daga bakin likita." Ki ba shi lokaci ya juya maganar, shiru na kwana biyu ba gudu ba ne. Zai iya tsayawa, zai iya ja da baya, ba zan yi miki alkawarin abin da ke zuciyar wani ba. In zai ja, gara ya ja yanzu da ranar da kike kwance da bandeji a ido.

Haihuwa kuwa, mata masu irin ciwonki suna haihuwa lafiya, har da waɗanda aka yi wa leza. Sai dai ciki ne da ake shirya masa, ba wanda ake tsinta ba. Juna biyu yana iya hanzarta cutar ido, musamman ga wadda tata ta kai matakin sababbin jijiyoyi, kuma allurar cikin idon nan likitoci suna guje mata a lokacin ciki don kare jariri. Kin ga wani dalilin na yin lezar yanzu, tunda ita ana iya yinta ko da ciki, amma an fi so ta riga ta gama aikinta. Ana so a kwantar da idon, a daidaita sukari kafin a ɗauki cikin, a sauya wasu magungunan hawan jini in kina sha, a duba ido a watanni ukun farko, a ci gaba da dubawa har shekara guda bayan haihuwa. In tsoron gadar wa yara ne, ga uwa mai nau'i na ɗaya abin bai wuce yaro 1 zuwa 4 cikin 100 ba.

Akwai alamomin da ba a kwana da su. Baƙaƙen ɗigo masu yawa da suka bayyana lokaci ɗaya, walƙiya a gefen ido, ko wani duhu da ke rufowa daga gefe ɗaya: asibiti a ranar. Bayan allura, ɗan ƙaiƙayi da jan tabo ba komai ba ne, amma zafin da ke ƙaruwa tare da raguwar gani a kwanakin farko yana iya zama ƙwayar cuta ta shiga. Ba kasafai ba ne, bai kai sau 1 cikin allura 1,000 ba, sai dai in ya faru sa'o'i ake ƙirgawa. In jini ya sake zuba, ki kwanta da kai a sama a kan matasai biyu ko uku don ya taru a ƙasa, ki tafi a duba. Har sai likita ya ce jijiyoyin sun bushe, ki bar ɗaga kaya masu nauyi da duk abin da ke sa yunƙuri, amma tafiya a ƙafa tana da kyau. Masu ba da magani kuma za su zo, kowa da abin ɗigawarsa da labarin wanda ya warke. Ba abin da ake ɗigawa daga waje da ke gyara jijiyoyin bayan ido, wanda duk ya ce ki ajiye insulin kuwa, ki tashi daga wurin.

Aikinki ba ya ƙara wa idon komai. Kallon kwamfuta yana gajiyar da ido amma ba ya fasa jijiya, don haka kada ki ajiye aiki da sunan hutar da shi. Ki ƙara girman rubutu, ki gwada farin rubutu a kan baƙin shafi, ki sa fitila ta haska takarda ba fuskarki ba. Wayarki tana iya karanta miki saƙo da murya, TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone, kyamararta kuma tana ƙara girman ƙananan lambobi. Inda na fi so ki yi amfani da wannan shi ne wurin ɗibar insulin, don layukan sirinji ƙanana ne, kuskuren layi biyu kuma ba ƙaramin abu ba ne. In kina iya samun insulin na alƙalami, shi yana yin ƙas-ƙas da za ki ƙirga da kunne. In iri biyu kike yi, ki ɗaura roba a jikin ɗaya don hannu ya bambance su ko a duhu.

A wurin aiki ba sai kowa ya san tarihinki ba. Shugabanki kaɗai ya isa, da takardar likita da ke nuna za ki riƙa zuwa asibiti kusan sau ɗaya a wata na wani lokaci. Ki nemi ranar gaba ɗaya, ba rabi ba, don maganin da ake ɗigawa a buɗe ƙwayar ido yana barin dishi-dishi na awa huɗu zuwa shida, lambobi ba za su karantu ba, tuƙi kuma bai kamata ba. Ki tafi da baƙin gilashi da wanda zai dawo da ke gida.

Allah ya ba ki lafiya, ya sa a dace da magani.